Layin Dogo na Yamma da na Gabas: Wanne Ya Fi Yi wa Arewa Amfani?

Layuka biyu na jirgin ƙasa ne suka haɗa Arewacin Najeriya da bakin teku tun zamanin Turawa. Na yamma ya taso daga Legas, ya isa Ibadan a 1901, sannan aka haɗe shi da layin Baro zuwa Kano a 1912. A da, ta kansa ne buhunan gyaɗar da ake tara dala-dala a Kano, da auduga da fatu, suke gangarawa tashar jiragen ruwa ta Apapa, bayan sun tsallake Kogin Kwara a Jebba.

Na gabas kuwa kwal ɗin Inugu ne ya haife shi, domin a 1916 ya haɗa garin da Fatakwal, daga baya ya ratsa Makurɗi da Kafanchan, bai kuma isa Maiduguri ba sai 1964.

A ganina na yamma ya fi tasiri, kuma har yau shi ake fifitawa, tunda sabon layin Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 2021, alhali mutanen Gombe da Bauchi sun daɗe ba su ji kukan jirgi ba, abin da ke damuna ƙwarai.