Kwalin da aka rubuta wa GIFT

Wata uku ina jiran saƙon Inna: kuka, daddawa, kanwa, yaji da ɗan kilishi. Maimakon kwali, sai ga takarda daga kwastam na nan Jamus, wai in zo da kaina. Ina shiga na hango shi a kan tebur, an naɗe shi da salatif kamar mai karaya, ƙanina ya zabga masa GIFT, wato kyauta a Turanci, da jan alƙalami a kowane gefe. Jami'ar ta ciro ƙullin kanwa, ta dube ni, ta dubi rubutun. Wallahi sai da gumi ya karyo mini cikin wannan sanyin.

A Jamusanci Gift guba ce. Kyauta kuwa Geschenk suke cewa. Matar ta san Turanci sarai, zolayata take yi, amma ni a lokacin ban ga abin dariya ba.

Malamarmu ta koyon harshe ce ta warware mini daga baya. Asalin kalmar ɗaya ne da geben, wato bayarwa, kuma a da can kyauta take nufi a nan ma. Sai aka riƙa sakaya guba da ita, kamar yadda dosis ta Girkanci, wadda ita ma bayarwa ce, ta koma awon magani. Ashe ba mu kaɗai ke cewa “an ba shi a abinci” ba. Tsohuwar ma'anar ta maƙale a Mitgift, kayan da amarya ke tafiya da su gidan miji, kuma ita mace ce a nahawunsu, die, gubar kuwa das, ba mace ba namiji. A Holan gif ce guba, gift kuma gudummawa. Mutanen Suwidin sun fi kowa: gift guba, gift mai aure. Wannan kam na bar wa su Yaya su yi sharhi.

Kilishin dai ya tafi, domin an hana shigo da nama ta wannan hanya daga wajen Tarayyar Turai. Abin ya ci mini rai. Sai dai an ba ni takarda da dalili a rubuce, an nuna mini cewa kyautar da ba ta wuce yuro 45 ba babu haraji a kanta, kuma ba wanda ya sosa ƙeya yana jiran na goro. A gida da kilishin ya wuce, amma da rabin yajin ya bi shi.

Ku kuma mutanen gida don Allah ku daina cusa nama a ƙarƙashin kuka kuna cewa ba za a gani ba. Daren nan na kaɗa miyar, har maƙwabcina ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar ko wani abu ne ya lalace a bututun ruwa.