Lamba 4 guda biyu: ta Ramos ko ta Van Dijk

Malam, rigar ƙwallo ta Ramos za ka saya wa yaron. Na ga ka jera mana biyu, farar Madrid mai sunan Ramos da jar Liverpool ta Van Dijk, tunda shi ma baya yake bugawa a filin unguwarku. Duka biyun sun shiga ɗakina. Ɗaya tana nan a rataye har gobe, ɗayar kuwa da ita nake goge mashin.

Ta Ramos a farkon 2014 na saye ta, wajen wani ɗan kasuwa a Sabon Gari da ke sarin kaya daga Dubai. Kuɗin ya yi mini ciwo, sai da na yi sati biyu ina zagaya shagon kafin na biya. Fara ce sol, da ɗan layin ruwan lemo, Fly Emirates a ƙirji, shekarar farko ke nan da Madrid ta fara saka wannan tallan. Da ita na shiga gidan kallo a Tudun Wada daren 24 ga Mayu, ranar wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Lisbon, Madrid ɗinmu da Atletico. Zafi ya cika rumfar kwano, janareta na ta tari, kowa ya jiƙe sharkaf. Godin na Atletico ya ci mu da ka tun kafin a tafi hutu. 'Yan Barcelona, waɗanda wannan Godin ɗin ya ƙwace musu Laliga a gidansu sati ɗaya kafin nan, duk suka rikiɗe suka zama 'yan Atletico a daren, don kawai su ga bayanmu. Shekara 12 Madrid na neman kofi na goma tun 2002. Da aka cika minti 90 wani na bayana ya ja mini wuyan riga ya ce in cire ta in share hawaye. Wasu namu sun riga sun fara neman takalmansu. Sai muka samu bugun kwana. Modric ya ɗauko ta daga dama, Ramos ya tashi ya sa mata kai, ta wuce golansu Courtois ta kwanta a lungun raga, agogo yana nuna 92:48. Bencin da muke kai ya karye, sai da muka yi karo-karo muka biya mai gidan kallo. Bale, Marcelo da Ronaldo suka ƙarasa aikin a ƙarin lokaci, 4 da 1. Da na fito, mai shayin bakin titi ya kalli bayan rigata ya ƙi karɓar kuɗina, shi kuma ɗan Arsenal ne.

Abin da yaron zai ɗauka a bayansa shekara 16 ce a ƙungiya ɗaya. Ramos ya zo daga Sevilla a 2005 yana ɗan shekara 19, a kan Yuro miliyan 27, aka miƙa masa lamba 4 ta tsohon kyaftin Hierro. Da farko gefen dama yake tsarewa, yana hawa yana sauka, sai a zamanin Mourinho ya koma tsakiya kusa da Pepe ya zauna. Ya bar Madrid a 2021 da wasa 671 da ƙwallo 101. Ka sake karantawa, ɗan baya ne, ɗari da ɗaya. Akwai 'yan gaba da yawa da suka yi ritaya ba su ci haka wa ƙungiya ɗaya ba. Kofin zakarun Turai huɗu, 2014, 2016, 2017 da 2018, ukun ƙarshe shi ne kyaftin da ya ɗaga, don ya karɓi kambu bayan tafiyar Casillas a 2015. Laliga biyar. A wasan ƙarshe na 2016 a Milan ma shi ya sake cin Atletico.

Ni abin da ya fi burge ni da shi ma ba kofunan ba ne, taurin kai ne. A 2012, wasan kusa da na ƙarshe da Bayern, aka je bugun fenareti, ya harba tasa sama har aka yi wata guda ana yi masa dariya a majalisu, ana cewa ƙwallon ba ta sauko ba tukuna. Shekara biyu bayan haka ya je gidan Bayern ɗin a Jamus ya ci su biyu da ka cikin 'yan mintuna, aka tashi 4 da nema. Da Ronaldo ya tafi a 2018, shi wannan da ya harba sama shi ya karɓi bugun fenareti, har da irin mai ɗagawa a hankali ta tsakiyar raga. A kakar 2019/20 ƙwallo 11 ya ci a Laliga. Yaro mai buga baya, wanda kullum in an ci su shi za a fara zagi, irin wannan labarin ya kamata ya ji.

Ba zan ɓoye maka ba, rigar tana da nata kayan. Jan kati 26 ya karɓa a Madrid, babu wanda ya kai shi a tarihin ƙungiyar. Shi ne ya saki kofin Copa del Rey daga saman mota a 2011 motar ta bi ta kai. Sannan ga maganar Salah, ɗan wasan Liverpool ɗan Masar. Wasan ƙarshe na 2018 da Liverpool a Kiev cikin azumi ya faɗo, mun sha ruwa muka garzaya gidan kallo, wasu har da tsallake asham. Wajen minti 30 Salah ya fita yana hawaye da ciwon kafaɗa bayan sun faɗi tare da Ramos. Ka san yadda mutanenmu ke ji da Salah. Madrid ta ci kofi 3 da 1, amma ni ta lungu na koma gida, kuma rigar ba ta sake ganin rana ba sai bayan babbar Sallah. Har yanzu akwai dattijon da in ya gan ni da ita sai ya ce Allah ya shirye ni. To ka faɗa wa yaron ya ɗauki tsallen da zuciyar, ya bar gwiwar hannu da gardama da rafali.

Van Dijk kuwa, to, ɗan baya ne mai kyau, ba na musu. Ya buga a Groningen, Celtic da Southampton, bai iso Liverpool ba sai yana da shekara 26, a Janairun 2018, a kan fam miliyan 75, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan baya da shi ba a lokacin. Zakarun Turai ɗaya a 2019, Firimiya biyu, 2020 da 2025, ya zo na biyu a Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, bayan Messi. Ba ya faɗuwa ƙasa, ba ya ɗaga hankali, wandonsa ma ba ya datti. Sau biyu ya haɗu da Madrid a wasan ƙarshe, 2018 da 2022, duka biyun lambar azurfa ya koma da ita. Kuma har yanzu yana bugawa, ba ka san yadda zai ƙare ba. Shi kuwa Ramos littafinsa na Madrid ya rufe, zuwansa PSG da komawarsa Sevilla da tafiyarsa Monterrey ta Mekziko a 2025 ba su goge ko layi ɗaya ba. A can ma lamba 93 ya zaɓa, don tuna wa Atletico wancan mintin.

Tawa ta Van Dijk a Oktoban 2020 na saya, wai don in wanke kaina wajen 'yan majalisarmu masu jin haushin maganar Salah. A WhatsApp na gani, wani ya sa hoto yana rantsuwa orijinal ce, na tura kuɗi, aka ba direba ya kawo mini tasha a leda. Satin da ta iso satin golan Everton ya taka gwiwar mutumin, ya tafi jinya har ƙarshen kaka. Wannan ba laifin kowa ba ne. Na shiga gidan kallo da ita ina ƙobo, sai wani yaro da bai fi shekara goma sha biyu ba ya taɓa ni ya ce, "Baba, wannan ta jabu ce." Na ce ta yaya? Ya ce in duba talabijin. Ashe mutumin ba ya rubuta VAN DIJK a bayan rigarsa, VIRGIL yake rubutawa. Tawa kuwa VAN DIJK ne ɓaro-ɓaro. Wankin farko jan ya zuba ya ɓata mini farar shaddar Juma'a, wanki na uku lamba 4 ta ɓare ta bar inuwarta. Da na kira mai kayan, layin a kashe.

Don haka ko wacce ka tsaya a kai, kada ka tura wa kowa kuɗi a kan hoto. Ka je da ƙafarka, ka riƙe rigar a hannu. Kalmar orijinal a bakin masu jesi ba ta da wani nauyi yanzu, kowa ita yake faɗa, akwai ma masu ce maka "giredi na ɗaya" su ninka kuɗi a kan kaya iri ɗaya da na maƙwabcinsu. Ka juya ta ciki ka ga ɗinki, in zare na reto ka ajiye. Ka sa farce a gefen lamba, in ta ɗaga ko kaɗan, ba za ta kai wata ba. Ka jiƙa ɗan farin ƙyalle ka goga a kan ja, in ya kama launi ka san shaddar gidanka na cikin haɗari. Ta Ramos a Madrid cikakken suna ne, SERGIO RAMOS, kuma kamfanin Adidas ne tun zuwansa har tafiyarsa, duk wanda ya nuna maka mai wata alama daban ka yi gaba. Ka kuma lura da tallan ƙirji. Daga 2007 zuwa 2013 bwin ne a gaban rigar Madrid, kamfanin caca ne, ba zan so yaro ya shiga masallaci ko Islamiyya da ita ba ko da ta fi arha. Ka nemi mai Emirates. In kuma ka ƙi jin maganata ka tafi ga ja, Standard Chartered ne a ƙirji duk zaman Van Dijk a Liverpool, na taɓa ganin wata an buga lamba 4 da sunansa a kan tsohuwar riga mai tallan giyar Carlsberg, wadda aka daina tun 2010.

Abu ɗaya da jar ta fi farar shi ne ƙura. Jan ƙasar Zariya da hunturu ba sa raga wa farin kaya, in yaron ya yi faɗuwa biyu a fili mahaifiyarsa ce za ta sha wanki. Ka saya masa wata mai arha ta atisaye, wannan ta zama ta zuwa kallo da yawon Sallah. A wanke ta da hannu da ruwan sanyi, a juye, a shanya a inuwa, kada dutsen guga ya taɓa lambar. Haka na yi wa tawa, shi ya sa har yau sunan bai ɓare ba, sai dai ni ne tumbi ya hana ni shiga.

Ka ɗauko wadda ta ɗan fi shi girma, yara a wannan shekarun kafin damina biyu sun wuce kaya. In ranar Asabar za ka shiga Sabon Gari ka yi mini magana bayan azahar, sai mu je tare in duba maka ɗinkin.