PS2 da PS5: ban da kyawun hoto, me ya canza?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana da PS2, wato na'urar gem ta PlayStation 2 ta kamfanin Sony, da har yanzu take aiki garau, amma yara sun matsa masa lallai sai ya sayo PS5. Yana tambaya ko akwai wani bambanci ban da kyawun hoto da zai sa mutum ya zuba wannan uban kuɗi. Malam, akwai, kuma a ganina hoton ma shi ne ƙaramin abu a cikin lamarin.

Shekara 20 ce tsakaninsu. PS2 ta fito a Japan a watan Maris na 2000, PS5 kuma a Nuwamban 2020, kuma a tsakani an yi PS3 a 2006 da PS4 a 2013. Ta fuskar ƙarfi ba a ma haɗa su: ƙwaƙwalwar aikin PS2 megabait 32 ce kacal, ta PS5 gigabait 16, wato ninki sama da 500. PS2 da wayar nan mai baki uku, ja da fari da rawaya, ake haɗa ta da talabijin. PS5 sai HDMI, tana kai hoto har 4K. Sai dai in talabijin ɗin gidan tsohuwa ce, rabin abin da ka biya ba za ka gan shi da idonka ba.

Inda abin ya fi canzawa shi ne yadda gem yake zuwa hannunka. Zamanin Atari 2600 ta 1977, da Famicom ɗin Nintendo ta 1983, da Mega Drive ɗin Sega ta 1988, duk kaset ake soka wa na'ura. Kaset yana da sauri da juriya, amma ƙera shi da tsada, kuma ba ya ɗaukar kaya da yawa. Sony ta fara ne a matsayin abokiyar aikin Nintendo, za su haɗa na'ura mai karanta CD, sai Nintendo ta juya mata baya a 1991 ta koma wajen Philips. Ken Kutaragi, injiniyan Sony, ya dage har Sony ta fitar da PlayStation tata ta farko, wato PS1, a Disamban 1994. Nintendo ta tsaya a kan kaset da na'urarta N64 a 1996, wanda mafi girmansa megabait 64, alhali CD ɗaya yana ɗaukar kimanin 650. Masu ƙirƙirar gem suka bi faifai, aka sayar da PlayStation sama da miliyan 100, N64 kuwa wajen miliyan 33.

PS2 ta gaji wannan nasarar ta ƙara da DVD. A shekarar 2000 na'urar kallon DVD tsada gare ta, ga PS2 tana yin aikin biyu a kan dala 299, kuma tana karanta faifan PS1. Sega ta kasa ja da ita, ta dakatar da na'urarta Dreamcast a 2001 ta fita daga kasuwar na'urorin gem na gida. An sayar da PS2 sama da miliyan 155, kuma ba a daina ƙera ta ba sai farkon 2013.

A PS2, abin da ke kan faifai shi ne gem ɗin, daga farko har ƙarshe. Ka sa, ka rufe, ka fara bugawa. Ci gabanka yana cikin ɗan memori mai megabait 8 da kake zarewa ka sa a aljihu ka tafi gidan aboki. Babu asusu, babu lambar sirri, babu wanda zai rufe maka wani abu daga wata ƙasa.

A PS5, faifan sai an kwafe shi cikin na'urar tukuna, kuma galibi akwai gyare-gyaren da za a sauke ta intanet, wani lokaci gigabait masu yawa. Ma'ajinta na asali gigabait 825 ne, amma abin da ya rage maka bai kai 700 ba, ga manyan gem da ɗaya kan haura gigabait 100. Ladan wannan wahala shi ne sauri: dogon jiran lodi da muka saba da shi a PS2 ya kusa ɓacewa. Amma ga mai sayen data da kuɗinsa a Kano ko Maraɗi, wannan lissafi ne na gaske. Ƙari a kan haka, Najeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu, shi ya sa mutane suke buɗewa da Amurka ko Ingila, sannan su nemi katin kuɗi na can. Buga yawancin gem ɗin kuɗi da wasu ta intanet kuma sai da rajistar PlayStation Plus, wata-wata ko shekara-shekara. Akwai ma PS5 marar gurbin faifai, wadda ta fito a kan dala 399 maimakon 499. Ban ba ka shawarar ta ba ko kaɗan, don babu aron gem, babu musaya, babu sayen na hannu.

Tun da yawancinmu ƙwallo ce ta kai mu shagon gem, ga yadda abin yake. PES 2014 da FIFA 14 su ne na ƙarshe da suka fito a PS2. Duk wanda ka gani da sababbin 'yan wasa a PS2 yau, aikin masoya ne da suka yi wa tsohon gem kwaskwarima. Konami ta mayar da PES eFootball a 2021, kyauta ne amma sai an sauke, kuma rayuwarsa a intanet take. EA ta rabu da sunan FIFA, ta koma EA Sports FC daga 2023. In FC yaran suke nema, PS2 ba za ta iya ba, ko da wace dabara.

Sai wuta. Siririyar PS2 ta 2004 ba ta kai wat 50 ba, ƙaramin janareto ko ɗan sola ya wadatar. PS5 tana shan kusan wat 200 lokacin wasa, kuma ba ta son a ɗauke wuta tana tsakiyar aiki, don abin da take ajiyewa yana iya lalacewa. Tana zuƙar iska sosai don ta huce, ke nan lokacin hunturu sai an riƙa kakkaɓe mata ƙura. Ita ma PS2 tana da nata ciwon: idon da ke karanta faifai yakan gaji, amma masu gyara sun san shi, kayansa kuma ba wahalar samu. Hannun PS2, wato abin da ake riƙewa ana buga gem, mai waya ne, da araha, in ya lalace ka sauya. Hannun PS5 abin sha'awa ne, kana jin bambancin tafiya a yashi da a kan ƙarfe a tafinka, amma sai an yi caji, kuma kuɗin guda ɗaya zai iya saya maka PS2 ta hannu.

Farashi ma ya sauya hali. PS2 ta riƙa sauka har ta kai dala 99 a 2009. PS5 kuwa ƙara mata kuɗi aka yi a 2022 a Turai da Japan da wasu ƙasashe, abin da ba a saba gani ba.

Shawarata, kada ka sayar da PS2 ɗin, don PS5 ba ta karanta faifanta. In kana da tsayayyar wuta da intanet marar iyaka da talabijin ta zamani, sayi PS5 mai gurbin faifai. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, nemi siririyar PS4 ta hannu mai lafiya. Ba ta kai PS5 shan wuta ba, faifanta na hannu sun cika kasuwa, kuma duk ranar da ka koma PS5 kusan dukkansu za su yi aiki a kanta. Kafin ka biya, ka sa mai shagon ya kunna ta na rabin awa a gabanka, ka saurari ƙarar fankarta, ka kuma gwada gurbin faifan da kuma hannuwan buga gem ɗin biyu.