Tankin ajiye kifi da rai da ƙafar kujerar jirgina, bayan wata bakwai

Na so in bari jirgin ruwan nan ya shekara a hannuna kafin in ce komai a kansa, amma abin da tankinsa na ajiye kifi ya yi min har yau yana ci min rai, kuma na san akwai masu shirin sayen irinsa. Jirgin alminiyom ne mai inji a baya, da tanki a tsakiya mai cin kamar lita 70, da kujerar kamu a gaba wadda ake kafawa a kan ƙafa ɗaya ta ƙarfe. Gangar jikin da injin ba ni da ta cewa a kansu.

Wata biyun farko tankin ya burge ni ƙwarai. Famfonsa na batir ne mai bolt 12, an rubuta galan 500 a awa a jikinsa, wato kusan lita 1,900. Yana jawo ruwa ta wata kafa da ke bayan jirgi a ƙarƙashin ruwa, ya feso shi ta saman tanki, wanda ya yi yawa ya fice ta bututun ambaliya. Makunnin yana da mazauni uku: a kashe, a kunne ba tsayawa, sai kuma na agogo, inda famfon zai yi aiki kamar rabin minti ya huta 'yan mintoci don kada ya shanye batir. Kifin da na jefa da sassafe sai in same shi da azahar yana bugun murfi da wutsiya. Har tallar jirgin nake yi wa abokan kamu ba wanda ya sa ni.

Ranar da abin ya faru rana ce mai zafi, ni da ƙanena muka fita tun duku-duku. Allah ya ba mu sa'a, kafin hantsi mun zuba kifi 14 a tanki, yawancinsu manya masu kyau. Da kifi suka daina ci a wurin muka tayar da inji muka yi gudu na kamar minti 20 zuwa wani lungu. Muna tsayawa na murɗa makunni, na ji famfo yana kukansa kamar kullum, sai hankalina ya kwanta. Kifi na ta cin ƙugiya, babu wanda ya waiwayi tanki. Fiye da awa ɗaya muka yi a haka kafin ƙanena ya ɗaga murfi zai jefa wani, sai na ji ya ce, "Yaya, zo ka gani." Ruwan ya sauka zuwa rabi, ya yi ɗumi, kumfa ta rufe samansa. Kifaye sun juya ciki sama, sauran sun taru a sama suna hangame baki. Famfo na ta kuka, amma ko ɗigo ɗaya ba ya fitowa daga bakin feshin. Tara suka mutu a hannunmu. Duk masunci ya san kifin da ya iso gaɓa da rai da wanda ya iso a sandare ba darajarsu ɗaya ba, ga kuma ƙanana uku da na yi niyyar mayarwa ruwa su girma, su ma suka tafi a banza. Wannan ukun sun fi ɓata min rai.

Nan take na hau bincike, ƙanena kuma na ta ɗibar ruwa da bokiti yana zubawa don mu ceci biyar ɗin da suka rage. Fis ba shi ne ba, tunda motar famfon tana juyawa. Na zura hannu bayan jirgi na taɓa rariyar da ke bakin kafar shan ruwa, na ciro 'yar ciyawa, bai canja komai ba. Na rufe bawul, na murɗo kan famfon na fitar, na sami guntun zaren fatsa ya naɗe a 'yar farfelar ciki, na cire na mayar ina murna na gano cutar. Na kunna, ruwa bai zo ba. Haka muka naɗe kaya muka dawo da rana tsaka.

Wani dattijon makanike mai gyaran injin jirage ne ya warware min, ko sifana bai ɗauka ba. Ya ce irin wannan famfo ruwa yake turawa, ba ya iya zuƙo iska. Idan jirgi ya ɗau gudu ya ɗago, kafar shan ruwa tana haɗiyar iska, iskar ta maƙale a kan famfon, farfela ta yi ta juyawa a cikin iska, kai kuwa kana jin kuka ka ɗauka aiki ake yi. Ya sa na saka giyar baya na ɗan daƙiƙu, ruwa ya turu cikin kafar da ƙarfi, sai ga feshi ya dawo. Daga nan ya buɗe murfin bayan jirgi ya nuna min asalin laifin. Tiyon da ya tashi daga famfo zuwa tanki ya kamata ya yi ta hawa ba sauka, don iska ta bi ta fice da kanta. Nawa kuwa an bar shi da tsawo, ya hau, ya lanƙwasa ƙasa ta ƙarƙashin wani ƙarfe, sannan ya sake hawa. Ruwa ya kwanta a lanƙwasar ya tare wa iska hanya. Taƙi ɗaya muka yanke daga tiyon muka ɗaure shi a miƙe. Aikin minti goma ne, wanda ya haɗa jirgin ya ƙi yi, kuma ɗan littafin da suka ba ni babu ko layi ɗaya a kan maƙalewar iska. Mai sayarwa ma da ya yi ta nuna min makunnai bai ambata ba.

Saukar ruwan zuwa rabi kuma wata cuta ce daban: zoben robar da ke gindin bututun ambaliya bai zauna daidai ba, idan ana gudu sai ruwa ya riƙa zurarewa ta magudana. Na canja zoben.

Abin da na koya da tsada shi ne kada a amince wa mazaunin agogo a lokacin zafi. Ruwa mai ɗumin digiri 20 yana riƙe iskar oksijin kamar miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa ya sauko wajen 7 da rabi, alhali a ruwan ɗumi ne kifi ya fi bukatar iskar. In ba tarwaɗa ba, da ke iya leƙowa ta shaƙi iskar sama, kifi 14 a lita 70 ba za su jure tsayawar ruwa ba. Tankin kuma ba shi da famfo na biyu mai juya ruwan ciki, don haka duk lokacin da kake gudu kifinka a ruwa tsayayye suke. Ni na sayi ƙaramin injin hura iska na ƙara.

Bayan gyaran nan gaskiya na huce. Sau ɗaya kawai iska ta sake maƙalewa, giyar baya ta kore ta. Da na fara wannan rubutu niyyata in ce a saya, a dai duba tiyo. Amma da na zo kan kujera sai duk abin ya dawo min sabo.

Tun wata na uku ta fara rawa. Ƙafar tana da tsinken ƙarfe mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci da ke shiga ramin farantin da aka ɗaure a daɓen jirgi, a cikin ramin akwai 'yar roba mai riƙe shi. Robar ta cinye, sai kana zaune kana jefa ƙugiya kujera na kai ka hagu da dama, ka wuni bayanka na ciwo. Ƙafar irin mai gas ce da ake ɗagawa a sauke da ɗan hannu a gefe, ita ma ta fara saki: ka ɗaga ta sama, kafin rabin awa gwiwarka ta kusa taɓa ƙirjinka. Sannan ta maƙale. A jikinta an manna gargaɗin kada a zauna a kai idan gudu ya wuce mil 5 a awa, wato kamar kilomita 8, ke nan duk tashi sai ka zare ta ka kwantar. Wata rana na ja, ta ƙi. Yashi da tsatsa sun haɗe tsinken da ramin. Kwana biyu ina ɗiga man warware tsatsa kafin ta yarda ta murɗu da babbar sifana. Wannan na yarda rashin wankewa da shafa giris yana jawo shi ga kowa, yanzu duk dawowa sai na zare na goge.

Wanda ba zan yafe ba shi ne farantin. Ƙanena ya karkata daga kan kujera zai tari kifi da koma, farantin ya ɗago ta gefe ɗaya, ba don ya riƙe bakin jirgi ba da sai cikin ruwa, a wuri mai zurfi. Da na kwance na ga kusoshi shida ne masu murɗi aka cusa cikin katakon daɓe kawai, babu noti a ƙasa, babu gam ɗin hana ruwa. Ruwa ya bi ramukan ya shiga, katakon wajen biyu daga ciki ya yi baƙi ya yi laushi. Mutum guda da nauyinsa a kan sanda mai tsawo, a ɗaure shi da wannan? Hannun da ya bar tiyo a lanƙwashe shi ne ya ɗaura farantin nan, ba ni da shakka. Na huda daɓen har ƙasa, na sa noti na ƙarfen da ba ya tsatsa da faffaɗan zoben ƙarfe a ƙarƙashi, na cike ramukan da gam. Yanzu ta zauna daram, amma da kuɗina da ranar aikina.

Na kira inda na saya. Robar ramin, in ji su, kayan cinyewa ce, garanti bai shafe ta ba. Maganar farantin sai suka ce wai ko nauyi aka ɗora masa fiye da kima. Ƙafar gas ɗin kaɗai suka yarda za su canja, yau mako biyar ke nan ina jira. Ina ci gaba da fita da tsohuwar, na ɗaure ta da maƙalin tiyo a tsayin da nake so don ta daina sauka, murfin tankin kuma duk minti goma sai na ɗaga na ga ruwa na fesowa da idona kafin in koma kan ƙugiyata.