Blue ko Tapestry, wanne za ki fara ji?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya da daddare, wai an turo miki sunan albam biyu, Blue na Joni Mitchell da Tapestry na Carole King, kina so a gaya miki wanne za ki fara saka wa kunne tunda kwanan nan abu ya watse tsakaninki da mutuminki. Allah ya sanyaya miki zuciya. Ni dai duka biyun na daɗe ina jin su, kuma gaskiya ba aiki ɗaya suke yi ba ko kaɗan.

Abin mamakin ma shi ne kamar 'yan gida ɗaya suke. Duk a 1971 suka fito, Tapestry a watan Fabrairu, Blue a watan Yuni, kuma a situdiyo ɗaya aka ɗauke su, A&M da ke Hollywood, wannan na wancan ɗaki waccan na wannan. Mawaƙi James Taylor ya kaɗa jita a duka biyun, ita kanta Joni akwai muryarta a amshi cikin Will You Love Me Tomorrow ta Carole. Amma da kin saurara za ki ji bambancin kamar na mai lallashi da mai ba ki labarin ciwonta.

Carole King tun tana yarinya sana'arta rubuta wa wasu waƙa a New York, ita da mijinta Gerry Goffin, ita ke yin kiɗa shi ke yin baiti. Waccan Will You Love Me Tomorrow ɗin ma 'yan matan Shirelles suka fara rera ta a 1960, lokacin Carole tana da shekara 18, waƙar Natural Woman kuma Aretha Franklin suka rubuta wa a 1967. Bayan aurensu ya mutu ta koma Los Angeles, sai ta zauna gaban fiyano ta rera su da bakinta, a hankali, ba ado. Shi ya sa Tapestry yake shiga kai da wuri, Carole gwanar amshi ce, sau biyu za ki ji waƙa ki kama. It's Too Late ita ce ta rabuwa a ciki, kuma ba kuka ba zagi, mace ce kawai ta duba ta ga abin ya ƙare ta faɗa, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Duniya kuwa ta karɓa hannu bibbiyu, sati 15 yana na ɗaya a Amurka, ta kwashi lambobin yabo na Grammy 4 a 1972.

Blue kuwa, hmm. Nan ne zan daɗe.

Joni 'yar Kanada ce, ta rabu da saurayinta mawaƙi Graham Nash ta tattara ta tafi Turai, har ta zauna a wani ƙauye Matala a tsibirin Kirit na Girka inda matasa ke kwana cikin koguna, can waƙar Carey ta samo asali. Waƙa 10 ne kacal, wajen minti 36, kayan kiɗan ma kaɗan ne, yawanci fiyano, jita, sai wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kwantarwa a cinya ana kaɗawa, dulcimer sunansa, sautinsa siriri kamar ana jan zare. Babu inda murya za ta ɓuya. Tana hawa sama ta faɗo inda ba ki zata ba, har za ki ji numfashinta, farkon ji na ni ma cewa na yi wannan wace irin waƙa ce mara kan gado, sai da na maimaita cikin dare an ɗauke wuta ina kwance da abin ji a kunne sannan ta kama ni, kuma tun daga ranar ba ta sake ni ba.

Ki ji River da kyau. Fiyanon yana farawa da ɗan sautin Jingle Bells na Kirsimeti amma an karya shi ya koma na baƙin ciki, mutane na shagalin biki ita tana fatan ta samu kogin da ya daskare ta sulale ta gudu, kuma abin da ya fi ci min rai, kanta take tuhuma, ita ta ce ita ce mai wuyar sha'ani, ita ta kori masoyinta da hannunta. Carole ba ta zuwa nan wajen. Sai Little Green, ta uku a jeri, wadda mutane suka yi shekaru suna ji ba su san kanta ba, ashe 'yar da ta haifa a 1965 ce tana cikin talauci ta bayar aka riƙa, ba su haɗu ba sai 1997. In kin san wannan kafin ki ji, to ki tanadi hankici.

Kar a ce na yi son kai, Blue yana da nasa aibun. Ba a jin sa ana hira ko ana girki, kuma in Turancinki bai zauna sosai ba sai kin nemo baitocin kina bi da ido, don a kalmomin ƙarfinsa yake. Tapestry kuma akwai inda yake sake, ni Smackwater Jack tsallake ta nake yi kullum, ban ga abin da ya kawo labarin ɗan bindiga cikin wannan tafiya ba.

In ni za a tambaya wanda ya fi, Blue ne ba ja. Amma ke ba wannan kika tambaya ba, cewa kika yi wanne za ki fara, kuma ciwonki ɗanye ne. Fara da Tapestry, ki saka So Far Away da You've Got a Friend kina shara kina ninke kaya. Blue ki ajiye shi sai ranar da kika lura kin wuni ba ki leƙa sitatus ɗinsa ba, ranar ki kunna daga farko, kar ki tsallake ko ɗaya, sannan ki dawo ki gaya min yadda kika yi da A Case of You.