Galastop: maganin cikin bogi ga karya mai cizo, amfaninsa da iyakarsa

Karya matashiya da ba a yi mata tiyatar hana haihuwa ba takan fara neman barbara tsakanin wata 6 zuwa 12, ta yi mako biyu zuwa uku a haka. Mako 6 zuwa 12 bayan ta gama, wadda aka sani da lafiya sai ta sauya hali: ta tona rami ko ta shige ƙarƙashin gado, ta kwashe takalmi ko tsumma tana kwanciya a kai, hantsarta ta kumbura, wani lokaci har nono ya zubo. Wanda ya matso ta yi masa gurnani, in ya miƙa hannu ta kai cizo. Wannan shi ne cikin bogi. Ko kare ya hau ta ko bai hau ba, jikinta yana bin matakan mai ciki, sinadarin furojestaron mai riƙe ciki ya sauka, sinadarin furolaktin mai kawo nono ya hau, sai ta ɗauki takalmin nan ɗanta ne.

Galastop na kamfanin Ceva an yi shi ne don wannan matsala. Ruwa ne da ake ba ta baki, mai ɗauke da sinadarin kabagolin maikurogiram 50 a kowace mililita, aikinsa ya danne furolaktin. Ma'auninsa mililita 0.1 ga kowane kilo na nauyin karya, sau ɗaya a rana, kwana 4 zuwa 6. A auna ta a kan sikeli, kada a yi kirdado. Karya mai kilo 18 za ta sha mililita 1.8 kullum, wato 10.8 a kwana shida, kenan kwalba mai mililita 7 ba za ta kai ba. Nan mutane ke tuntuɓe: maganin ya ƙare a tsakiya, alamomin su dawo, a ce bai yi aiki ba.

Inda ya fi burgewa shi ne nono, wanda ke ƙafewa cikin 'yan kwanaki. In alamomin ba su tafi ba, likita na iya maimaita zagaye na biyu. Amai da ƙin abinci da kasala sukan zo a kwana biyun farko. Zuba shi a kan ɗan abinci yana rage aman. Kada a haɗa shi da metokulofuramayid don tsayar da aman, domin yana warware aikinsa. Kada a tatse nonon, kada a bari ta riƙa lasa, duk suna ƙara kawo shi. Abubuwan da take reno a kwashe su lokacin da aka fita da ita, ba a gabanta ba. Yara kuwa a raba su da ita gaba ɗaya har ta dawo daidai.

Babban haɗarinsa: yana zubar da ciki na gaske. Karyar da ke yawo a unguwa tana iya ɗaukar ciki mai ita bai sani ba, don haka sai likitan dabbobi ya duba kafin a ba ta. Mace mai juna biyu ma kada ta taɓa ruwan da hannu. Haka nan ƙwayar kabagolin ta mutane mai miligiram 0.5 ba madadinsa ba ce, ƙwaya ɗaya ma'aunin kare mai kilo 100 ne. A ajiye kwalbar cikin kwalinta, nesa da rana da zafi.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne Galastop ba maganin faɗa ba ne. In cizon daga tsoro yake, ko ɗauri dare da rana, ko duka, ko ciwo a jiki, ba abin da zai yi. Karyar da bayan barbara take yawan shan ruwa, cikinta ya kumbura, ko mugunya na fita ta farjinta, ruɓewar mahaifa ake zargi, kuma wannan tiyatar gaggawa ce. A ƙasarmu akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali: karyar da ba ta da rigakafin ciwon haukan kare in ta fara cizo kwatsam, a killace ta kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likita, wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Ga cikin bogin da aka tabbatar, maganin ya cancanci kuɗinsa. Sai dai karyar da ta yi sau ɗaya takan sake yi bayan barbara ta gaba, wajen wata shida zuwa bakwai. Abin da ke raba ta da shi shi ne tiyatar cire ƙwai da mahaifa, amma lokacin yinta na da muhimmanci ƙwarai. In aka yi mata tiyatar tana tsakiyar cikin bogi, furolaktin na iya zama a sama, faɗan ya daɗe. A jira wata 3 zuwa 4 bayan barbara, nono ya ƙafe, hali ya daidaita, sannan a sa ranar tiyata.