Mai turawa ko mai bin diddigi: wanne ya dace da shagon kwamfuta a ƙauye?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce a shagonka da ke gefen Ringim WhatsApp na tafiya, in ka yi ping 8.8.8.8 (wato ka gwada ko wannan lambar na amsawa) yana amsawa, amma burauza ta ce ba ta ga shafi ba, kuma wani ya ba ka shawara ka daina turawa, wato miƙa tambayar suna ga sabar wani, ka kafa sabar DNS taka mai nemo amsa da kanta (DNS shi ne tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambarsa). Toh tunda lamba na amsawa suna ne ba ya amsawa, lallai matsalar a DNS take, amma kafin ka canja komai bari in ajiye maka su biyun gefe da gefe.

Mai turawa, irin wanda ke cikin rautar MikroTik ko manhajar dnsmasq, kamar ka sauka a tasha ne ka tambayi ɗan acaba ina gidan wane, shi ya san gari, ya faɗa maka, kai kuma ka riƙe a kai don gobe. Tambaya ɗaya amsa ɗaya. Shi kuwa mai bin diddigi, irin manhajar Unbound ko BIND da ba a sa masa forwarders (sabobin da zai tura wa) ba, da ƙafarsa yake tafiya: ya fara zuwa fada wato sabobin tushe masu suna 13 daga A zuwa M, su ce ba mu san gidan ba amma je wurin hakimin .ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi, can kuma a tura shi wurin mai unguwar da sunan ke hannunsa. Kaga tafiya uku ko huɗu kenan a kan suna ɗaya, wani lokacin fiye, kuma kowace tafiya sai ta bi ta wannan sabis ɗin namu da ke rawa da an yi hadari.

Ta wajen lalacewa ma ba iri ɗaya ba ne. Mai turawa wuri ɗaya yake mutuwa, wato wanda kake tura wa. Gwada shi ba wuya, a kwamfuta ɗaya ka buga nslookup da sunan shafin sai lambar rautarka (in MikroTik ce ba ka taɓa ba 192.168.88.1 ce), sannan ka sake bugawa da 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a ƙarshe. In na biyu ya amsa na farko ya yi shiru, shikenan ka kama ɓarawon, ko dai rautar na tura wa sabar kamfanin layi da ta gaji, ko allow-remote-requests, saitin da ke barin rautar ta amsa wa kwamfutoci, ba a kunne yake ba. Akwai kuma wani kuskure da na sha gani, rauta na tura wa saba, ita ma sabar an saita ta tana tura wa rautar, tambaya ta yi ta zagaye tsakaninsu har lokaci ya ƙare babu wanda ya fita waje.

Mai bin diddigi kuwa wuraren mutuwarsa da yawa, kuma anan nake so ka natsu. Yana buƙatar ƙofa 53, wadda DNS ke bi, a buɗe ta UDP da TCP duka (hanyoyi biyu na aika bayanai), domin asalin iyakar amsa ta UDP bait 512 ce, yanzu galibi ana tsayar da ita a 1232, duk amsar da ta wuce haka sai an koma TCP, in ka toshe TCP sai ka ga wasu shafuka na buɗewa wasu sun ƙi, kai kana ta zargin data. Wasu layukan waya kuma suna tare duk abin da ya bi ƙofa 53 su amsa da kansu, sabarka na zaton da tushe take magana alhali ba shi ba ne. Umarnin dig +trace zai nuna maka matakin da tafiyar ta tsaya.

Sai babbar matsalar da ta fi damuna a irin garuruwanmu, agogo. Na taɓa sa Unbound a kan Raspberry Pi 4 a wata makaranta wajen Gumel, batirin sola ya mutu ranar Juma'a ba a gyara ba sai Litinin, na'urar, ƙaramar kwamfuta ce, kuma ba ta da batirin agogo, ta tashi tana ganin har yanzu Juma'a ce. DNSSEC, tsarin tabbatar da sahihancin amsa, yana duba lokacin fara aiki da na ƙarewar sa hannun kowace amsa, sai sabar ta riƙa ƙin amsoshi masu kyau tana ba da SERVFAIL, yara na jiran a buga musu takarda wallahi ranar na ji ba daɗi. Yadda na gane, na sake tambayar da dig +cd wanda ke cewa kar a duba sa hannu, sai amsa ta fito nan take. Na gyara lokaci komai ya dawo.

Ka riƙa karanta abin da aka amsa maka, kar ka tsaya a "bai buɗe ba". NXDOMAIN na nufin an je an tambaya an ce babu sunan, ko kuskuren rubutu ko rajistar sunan ta ƙare, galibi canja saba ba zai yi magani ba. SERVFAIL na nufin sabar ta yi ƙoƙari ta gaza. REFUSED kuma tana nan lafiya ta ƙi ka ne, a BIND duba allow-recursion ka ga ko lambobin shagonka suna cikinsa. In shiru ne kawai har lokaci ya ƙare, hanya ce ko katangar tsaro. Kuma bayan kowane gyara ka yi ipconfig /flushdns, don Windows na riƙe tsohuwar amsa har da ta "babu" sai wa'adin TTL, wato tsawon lokacin da aka ce a riƙe amsar, ya cika.

Ba wai mai bin diddigi ba shi da amfani ba, ba ka dogara da kowa, kuma kamfanin DNS ɗaya ba ya ganin duk sunayen da kwastomominka ke nema, in kana da layi mai ƙarfi da wuta tsayayya ni ma shi zan zaɓa. Amma kai da modem ɗin 4G kake aiki da sola, gaskiya ka tsaya a turawa. Sa biyu daga kamfanoni daban, misali 1.1.1.1 na Cloudflare da 9.9.9.9 na Quad9, ba 8.8.8.8 da 8.8.4.4 da duk na Google ne ba. In BIND ne a hannunka ka zaɓi forward only, domin forward first in turawa ta gaza zai koma bin diddigi da kansa a ɓoye, ya ƙara jinkiri kuma ba za ka san ina ciwon yake ba. Sannan ka rufe ƙofa 53 ta ɓangaren waje a rautar, kar mutanen duniya su mayar da ita makamin kai hari datarka ta ƙare a banza.

Turo min sakamakon nslookup ɗin nan guda biyu in an jima, da abin da ke rubuce in ka shiga IP sannan DNS a MikroTik ɗin, mu duba tare.